Jiki da Aikin Majemi: Abin da Taici, Yoga da Kunfu Suke Yi wa Lafiya

Duk wanda ya taɓa leƙa majema a Kano ko Sakkwato ya san halin da fata take isowa hannun majemi. Takan zo a bushe, a ƙandare, idan ka ƙwanƙwasa ta har amo take yi. Wanda ya ce zai lanƙwasa ta a haka, tsagewa za ta yi a hannunsa. Shi kuwa majemi ba ya kokawa da ita. Jiƙa ta yake yi ta sha ruwa, ya sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare da kartaji, sannan ya tsoma ta a bagaruwa, yana juyawa yana cuɗawa. Idan ta jemu ya matse, ya ja ta gefe-gefe, ya shafa mata mai, ya yi ta murza. Babu mataki ɗaya da za ka nuna ka ce shi ya kawo taushin. Yau da gobe ce ta kawo shi.

Tsoka da jijiya da gaɓoɓin ɗan Adam haka suke. Abin da aka bari ba a motsa ba yakan ƙage. Ma'aikacin da yake wuni a kujera, direban da yake kwana a kan sitiyari, tela a bakin keke, dattijon da ya yi ritaya ya koma zaman ƙofar gida, duk cikinsu za ka ji kuka iri ɗaya: baya ya riƙe, gwiwa tana ƙara, wuya ba ya juyuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato kusan mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon da ya kamata. Gwargwadon kuwa ba wani abu mai yawa ba ne: aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici. Mutanen Sin da Indiya sun daɗe da tsara hanyoyin jeme jiki, kuma uku daga ciki sun zaga duniya: taici, yoga da kunfu.

A fara da taici, domin shi ne aka fi rainawa. Asalinsa dabarar faɗa ce, kuma akasarin masana tarihi suna danganta shi da ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, da wani tsohon soja mai suna Chen Wangting wanda ya rayu a ƙarni na 17. A ƙarni na 19 Yang Luchan ya kai shi Beijing, daga nan ya bazu. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 da ake gamawa cikin kimanin minti shida, domin kowa ya iya. A 2020 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya.

Idan ka tsaya ka kalli wata tsohuwa tana yin sa da sassafe a wani dandali na Beijing, za ka ɗauka ba komai take yi ba. Gwiwoyinta a ɗan lanƙwashe, bayanta a miƙe. Sai ta kwashe nauyinta kaf ta ɗora a ƙafar dama, ta ɗaga ta hagu a hankali, ta ajiye dunduniya tukuna, ba ta saki nauyi a kanta ba sai ta tabbatar da ƙasa. Ƙugu ya juya, hannuwa su bi shi, numfashi ya fita a tare da turawar tafin hannu. Taku ɗaya yakan ci mata daƙiƙa biyar ko fiye. A cikin waɗannan daƙiƙu a kan ƙafa ɗaya take tsaye, cinyarta tana ɗauke da ita, idon sawunta yana gyara kansa, ƙwaƙwalwarta tana koyon inda kowace gaɓa take ba tare da ta duba ba. Wannan shi ne jiƙo da cuɗa na majemi: ba ƙarfi a ciki, amma yana ratsawa.

Amfaninsa mafi tabbata shi ne hana faɗuwa. Mutane suna ɗaukar faɗuwar tsoho a banɗaki ko a bakin dakali kamar ƙaramin abu, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a kowace shekara, kuma 'yan sama da shekara 60 suka fi mutuwa ta wannan hanya. Karayar ƙashin kwatangwalo takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. A wani bincike da Fuzhong Li da abokan aikinsa suka yi a jihar Oregon ta Amurka, aka buga a 2018, an raba mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama gida uku, kowane gida yana atisaye sau biyu a mako na tsawon mako 24. Waɗanda suka yi taici sun samu raguwar faɗuwa da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada su da masu miƙe jiki kawai, da kashi 31 idan aka gwada su da masu haɗa atisaye iri-iri. Tun a 2012 wannan masani ya gwada shi a kan mutum 195 masu cutar karkarwa ta Parkinson, aka ga tsayuwarsu ta ƙara daidaita. A jami'ar Tufts da ke Boston kuma, a 2016, an gwada shi a kan mutum 204 masu ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, sauƙin da suka samu ya yi daidai da na waɗanda aka tura gashin ƙashi a asibiti.

Yoga kuwa ita ce matakin ja da miƙewa. Tushenta a Indiya yake, tana da tarihin fiye da shekara dubu biyu a littattafan addini da falsafar ƙasar, amma irin wadda ake yi yau a dakunan motsa jiki ta samu siffarta ne a ƙarni na 20. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaɗa ta shi ne B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918. Ya taso yaro mai yawan laulayi, zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka duk sun taɓa shi. Yana matashi mijin yayarsa, Krishnamacharya, ya ɗauke shi zuwa Mysore ya koya masa. Yaron da ba a sa ran zai yi nisan kwana ba sai da ya kai shekara 95, ya rasu a 2014. Abin da ya fi shahara da shi ya yi kama da hikimar majemi: ya lura ba kowane jiki ne yake kaiwa inda ake so ba, sai ya shigo da ɗan katako, da ɗamara, da bargo, da kujera. Wanda hannunsa ba ya kai ƙasa ya dafa katako, wanda ba ya iya kamo yatsun ƙafa ya maƙalo su da ɗamara. Ba a tilasta wa gaɓa, ana lallaba ta ne har ta saki.

Inda yoga ta fi nuna kanta shi ne ciwon baya, wanda aka ƙiyasta yana damun mutum miliyan 619 a duniya a 2020. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar cewa mai daɗaɗɗen ciwon baya ya fara gwada hanyoyin da ba na ƙwaya ba, ta ambaci yoga da taici a ciki. A wannan shekarar aka buga wani bincike na Boston a kan mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, aka ga azuzuwan yoga na mako 12 sun yi kafaɗa da kafaɗa da gashin asibiti wajen rage ciwo da sauƙaƙa zirga-zirga. Akwai kuma numfashi. Idan mutum ya ja iska a hankali ya sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, bugun zuciya yakan lafa, jiki ya sauka daga halin fargaba. Shi ya sa masu yin ta da dama suke cewa barcinsu ya gyaru.

Mai karatu Musulmi zai tambaya, kuma tambayar tana bisa hanya: ina batun addini? Gaskiya ne yoga ta fito daga al'adar Hindu, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da kirari da ambaton abin bauta da gaisuwar rana. Malamai sun yi magana. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta ƙunshi waɗannan abubuwa. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta bambance: wadda take da ibadar wani addini haramun ce, wadda motsa jiki da numfashi ce zalla babu laifi. Majemi ma ba duk abin da ya zo jikin fata yake riƙewa ba, yana kankare abin da ba ya buƙata. Miƙe baya, buɗe ƙirji da tsayuwa a ƙafa ɗaya suna aiki a jiki ko da ba a furta komai ba.

Sai kunfu, wanda mu nan muka sani ta hanyar finafinan Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li tun zamanin gidajen silima da kaset. Ba wasa ɗaya ba ne, suna ne da ya tattara ɗaruruwan salon faɗa na Sin, shi kansa taici ɗaya ne daga ciki. Mafi shahara shi ne na Shaolin, wurin ibadar mabiya Buddha da aka gina a shekarar 495 a lardin Henan. Ba mabiya Buddha kaɗai suke da shi ba: Musulmin Sin 'yan ƙabilar Hui suna da nasu salon, kamar Chaquan, kuma ɗaya daga cikin manyan gwanayen ƙarni na 20, Wang Ziping, Musulmi ne, maɗori kuma, ya rayu daga 1881 zuwa 1973.

Abin da fim ba ya nunawa shi ne yadda ake farawa. Sabon ɗalibi ba ya tashi sama. Ana sa shi ya buɗe ƙafafu, ya durƙusa rabi kamar wanda yake kan doki, baya a miƙe, ya tsaya. Kafin minti ɗaya cinyoyi sun fara rawa, gumi ya karyo. Watanni ake yi a kan wannan tsayuwa da shuri da naushin iska. Ribarsa ƙarfin ƙafa da ƙugu, zuciya da huhu masu juriya, ƙashi mai ƙwari, da ladabin bin malami. Ga matashi mai jini a jika, wanda zaman banza yake neman lalatawa, wannan aiki ne da ya dace da shi.

Amma kowane majemi ya san fatar ɗan akuya da ta tsohon sa ba aiki ɗaya ake yi musu ba, kuma ya san fatar da ba ta jiƙu ba ba a jan ta da ƙarfi. Bruce Lee da kansa, duk da ƙwarewarsa, a 1970 ya ɗaga ƙarfe mai nauyi ba tare da ya ɗumama jiki ba, ya ji rauni a jijiyar baya, ya yi watanni yana jinya. Mai shekara hamsin da ya ga bidiyo a YouTube ya ce yau-yau sai ya tsaya da ka ko ya tsage ƙafafu har ƙasa, kansa zai ja wa jinya. Mai hawan jinin ido ya guji duk tsayuwar da take sa kai ƙasa. Mai juna biyu, da mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa tiyata, da mai raunin ƙashi, su nemi shawarar likita kafin su fara. Kuma kada wani ya ruɗe ka: babu ɗaya cikin ukun nan da yake warkar da ciwon suga ko daji ko hawan jini. Suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin magani. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ya ci gaba da shan abarsa.

Zaɓin bai da wuya. Matashi mai ƙarfi ya nemi kunfu a wurin malamin da ya san aikinsa. Mai zaman ofis ko shago da baya ya dame shi ya gwada miƙe-miƙen yoga. Dattijo, da duk wanda ƙafarsa ta fara rawa, taici ya fi masa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba 'yan shekara 65 zuwa sama shawarar yin atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfafa jiki aƙalla kwana uku a mako. Ba a buƙatar inji, ba a buƙatar kuɗin rajista, tsakar gida ko tabarma ta isa.

Don haka idan kana da tsoho a gida, kada ka jira sai ya faɗi. Ka tsaya kusa da shi ya dafa bango ko bayan kujera, ya mayar da nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan a hankali, minti goma bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Kai ma ka yi tare da shi, domin taka gwiwar tana kan hanya.