Mazubin Bayanai a Zuciyar Waya

Duk wayar Android da ke hannun mai wucewa ta Ƙofar Na'isa tana aiki ne a kan kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kanel shi ke raba wa manhajoji ma'adana, shi ke juya allo da kyamara da Bluetooth. Matsayinsa irin na badala ne: in aka fasa shi, babu sauran katanga a baya.

Da harshen C aka rubuta mafi yawansa. Mai rubutu kan ware mazubi, wato gurbi mai iyaka, a ce bayit 16. Kowane jerin haruffa da alamar sifili yake ƙarewa, ita ma tana cin gurbi guda, saboda haka haruffa 15 kaɗai za su shiga. C kuwa ba ruwansa da dubawa. In aka ɗura 40, ragowar sai ta malale kan bayanan da ke maƙwabtaka, har ta iya goge adireshin da shirin zai koma. Mai kutse da ya tsara abin da ya malala, ya karɓe ragamar na'urar. Irin wannan ɓaraka aka gano a sashen Bluetooth na Linux a 2017, cikin raunin da aka kira BlueBorne.

Tsofaffin umarnai irin su strcpy da sprintf ba sa ma tambayar girman mazubi. Shi snprintf yana tambaya, kuma yana tsayawa a iyaka, sai dai akwai tarko a amsarsa: yana faɗin tsawon abin da ya so rubutawa ne, ba wanda ya rubuta ba. Wanda ya ɗora rubutu na gaba a kan wannan lissafi, zai iya farawa a wajen mazubi. Shi ya sa masu kanel suka samar da scnprintf, mai faɗin ainihin abin da ya shiga.

Wajen kwafe haruffa kuma, strscpy ya shigo a 2015. Yana rufe jeri da sifili, in rubutu ya yi yawa ya kai rahoton kuskure. A 2024, Linux 6.8 ya kawar da strlcpy, tsohon umarnin da strscpy ya maye gurbinsa, gaba ɗaya.

Gyaran sai ta sabunta manhaja yake isa waya. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da sabuntawa, da tsofaffin ɓarakokinta take yawo.