Harbin Yadi Dubu: Mai Bindiga Daban, Mai Karatun Iska Daban

A 1876, shekarar da Amurka ta cika shekara ɗari da samun 'yanci, aka tara maharban ƙasashe a filin Creedmoor da ke kusa da birnin New York domin su gwada wa ya fi iya saiti daga nesa. Daga nan gasar Palma ta samo asali, kuma har yau ita ce babbar gasar ƙungiya-ƙungiya a wannan wasa. Yawanci bayan shekara huɗu-huɗu ake yin ta. Ta 2024 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu aka yi, Ostareliya ta lashe.

Kowace ƙasa na kawo maharba 16. Ana harbi daga nisan yadi 800, da 900, da 1,000, harsashi 15 a kowane zango, kwana biyu a jere. Maharbi na kwance rub-da-ciki, bindigar na bisa hannunsa da taimakon maɗauri kawai, ba a ɗora ta kan komai, kuma ba a yarda da madubin da ke jawo abu kusa a jikinta ba. Tsakiyar allon da ake hari faɗinta bai wuce rabin mita da ɗan kaɗan ba, ga shi yadi 1,000 ya haura mita 900.

Mai kallo zai ɗauka duk aikin na mai jan kunama ne. Ko kusa. Harsashi kan yi kamar daƙiƙa ɗaya da rabi a sama kafin ya isa, kuma iskar da ba ta fi ta kaɗa riga ba, mai gudun mil 10 a awa, idan ta bugo daga gefe tana iya kauce da shi fiye da mita biyu. Shi ya sa kowane allo ke da kocinsa na iska. Yana zaune dab da maharbansa, ido a madubin hangen nesa, yana duba tutocin da aka kakkafa a tsawon filin, yana kuma karanta ƙawalwalniyar da zafin rana ke tayarwa daga ƙasa: in tana malala hagu ko dama, can iskar ta nufa, in ta miƙe sama tana tafasa, iskar ta lafa ko tana shirin juyawa. Shi ne zai miƙa hannu ya murɗa ma'aunin saitin bindigar wani, sannan ya ce a harba. Maharbi ba ya musu. Ko yana ganin koci ya kuskure, abin da ake so a wurinsa shi ne ya saki harsashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, kafin iskar da aka auna ta canza.

A ganina nan ne wahalar shirin take, ba a ƙarfin ido ba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin kofi shi kaɗai, yana yanke wa kansa hukunci, yanzu an ce ya ajiye nasa sanin ya bi na wani. Gwani mai jinkirin harbi ya fi cutar da ƙungiya a kan matsakaici mai harbawa da zarar an ba shi umarni, domin harbin da ya makara yakan ruɗa koci: bai san ko iska ce ta yaudare shi ba, ko hannun maharbi ne ya motsa. Saboda haka ake son maharbi mai gaskiya, wanda in ya ji ya fizgi kunama zai faɗa nan take cewa laifinsa ne, kada a gyara saiti a kan kuskuren da ba na iska ba.

Sai daidaita kayan aiki. Tun kafin gasa, a rana mai lumana, ake gwada bindigogin duka har a tabbatar saitin wannan ya yi daidai da na wancan, yadda lissafin da koci ya yi wa maharbi na farko zai yi wa na biyu aiki ba tare da an sake lale ba. Yawanci harsashi samfurin .308 ake amfani da shi, kuma ana auna albarushinsa da tsanaki, don ɗan bambancin gudu a bakin bindiga kan zama sama-ko-ƙasa mai yawa a can nesa. Akwai kuma mai rubutu a gefe, yana ɗiga inda kowane harsashi ya sauka a takarda, ana ganin ko harbin na gangarawa wani ɓangare.

Ƙungiyoyi kan isa ƙasar da za a yi gasa da wuri, saboda kowane fili da halinsa. Bisley ta Ingila, inda ake taruwa tun 1890, ba ɗaya take da Bloemfontein ba, wadda ke kan tudu kusan mita 1,400 sama da teku. A Bloemfontein iska ba ta da kauri, harsashi ba ya saurin rage gudu, don haka duk alƙaluman da aka zo da su daga gida sai an sake gwada su a filin kafin ranar farko.