Amsoshin Masu Sauraro: In Ƙungiyar Makaɗa Ta Watse, Ina 'Ya'yanta Ke Dosa?

Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Tudun Wadan Zariya. Ya ce da rana yana sayar da hatsi, da dare kuma ɗan amshi ne. Shekararsu tara tare da maigidansa, yanzu ga rigima ta ɓarke a kan rabon kuɗin biki. Yana tambaya, shin an taɓa yin ƙungiyar da ta watse, 'ya'yanta kuma suka ci gaba?

To Malam, mun gode da takardarka. An yi, a gida da waje.

Bari mu fara da gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa, Usman Ɗankwanda na Maradun, ya tashi. Da tsohon ya rasu, wansa Kurna ne ya gaji shugabanci, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimaki. Daga baya ya ware ya kafa tasa ƙungiya. Sai bayan nan ne sunansa ya game Arewa, musamman da waƙoƙin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello. Har ya rasu a 1991 ana damawa da shi.

A waje kuwa, akwai wasu samari huɗu 'yan birnin Liverpool na Ingila da ake kira Beatles, masu kiɗan garayar Bature da ganga. Su ne John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. An kafa ƙungiyar a 1960, Ringo ya shigo a 1962. Kafin a ce kwabo faifansu ya cika duniya.

Me ya raba su? Babban dalili irin naku ne. Mutumin da ke riƙe musu harkar kuɗi, Brian Epstein, ya mutu a 1967. Da aka zo naɗa wani a 1969, uku suka zaɓi Allen Klein, Paul kuwa ya ce sai surukinsa Lee Eastman. Ga shi kuma George yana ganin ana danne masa waƙoƙi, ba a sa su a faifai sai ɗaya-biyu. A watan Afrilu na 1970 labarin rabuwar ya fito fili, a ƙarshen shekarar Paul ya kai sauran ƙara kotu a Landan. Aka yi shekaru ana ta ciyar da lauyoyi.

Amma ba wanda ya ajiye kiɗa. George ya tattara waƙoƙin da aka hana shi, ya fitar da su a 1970, suka yi kasuwa ƙwarai. A 1971 ya shirya babban wasa a New York don agaza wa 'yan gudun hijirar Bangaladash. John ya koma Amurka yana waƙoƙin neman zaman lafiya, har wani ya harbe shi a ranar 8 ga Disamba, 1980. Paul ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Wings. A 1973, ana gab da tafiya Legas ɗaukar faifai, yaransa biyu suka gudu. Haka ya zo, da shi da matarsa da mutum guda, har 'yan fashi suka tare shi. Duk da haka faifan da ya yi a can, "Band on the Run", yana cikin waɗanda suka fi fito da shi. Ringo kuwa, da yake bai cika riƙo ba, a faifansa na 1973 duk sauran ukun sun sa hannu.

Saboda haka Malam, rabuwa ba mutuwa ba ce. Sai dai ka lura, kowanne cikin mutanen nan yana da waƙoƙin kansa kafin ya tashi. Kai fa, kana da naka, ko amshi kawai ka iya? In amshi ne, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ku fara zama gaban wani dattijo a tsai da kason kowa tun kafin a je biki. In kuma tafiyar ta zama dole, ka yi sallama da maigidanka cikin mutunci, ka mayar masa da kayan kiɗansa, don wata rana za ku haɗu a fage ɗaya.

Allah ya daidaita tsakaninku. Sai mun sake jin ka.