Ka biya kuɗin lesin ɗin IELTS amma ba ka karatu: laifin malami ne ko naka?

Idan kana cikin masu shirin jarrabawar IELTS a Kano, Kaduna ko Abuja, ka san wannan rigimar. Sakamako ya fito, mutum ya samu maki 5.5 alhali 7 yake nema, sai ya ce malamin lesin ya cinye masa kuɗi. Shi kuma malam ya ce sau huɗu kacal ya gan shi a aji.

Yawancin masu wannan lesin ba yara ba ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, akwai magidanci mai neman digiri na biyu a waje. Hukumar NMC da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman 7 a sauraro, karatu da magana, sai 6.5 a rubutu. Wannan makin ba ya samuwa da zama a bayan aji ana latsa waya.

Sai dai malam ma ba zai ce ba ruwansa ba. Tunda ya karɓi kuɗi, akwai haƙƙi a wuyansa. Na farko, ya gwada ɗalibi tun ranar farko, ya faɗa masa gaskiya: wanda ke matakin 5 da wuya ya kai 7 cikin mako uku. Na biyu, ya riƙa duba rubutu da biro a hannu. Kashi na biyu na rubutun IELTS kalmomi 250 ne aƙalla, cikin kamar minti 40, kuma ba wanda zai iya shi in ba a nuna masa inda yake kuskure ba. Na uku, idan ɗalibi ya fara fashi, ya kira shi ya ji dalili. Sau da yawa abin da ake kira lalaci kunya ce: babba da gemunsa ba ya son ya yi ɓarin Turanci a gaban ƙannensa. Wani kuma gida ne suka matsa masa, shi ransa ba ya kan tafiyar.

Iyakar malam ke nan fa. Ba zai karanta maka ba, kuma ranar gwajin magana kai kaɗai za ka zauna gaban mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14.

Don haka kafin ka tura kuɗi, tambayi malamin: zai gwada matakinka? Rubutu nawa zai duba maka a mako? Sannan ka duba kanka, ko za ka iya ware awa ɗaya kullum. In ba za ka iya yanzu ba, ka dakata, kar ka yi rajista. Kuɗin jarrabawar ba kaɗan ba ne, sakamakon kuma shekara 2 kawai ake karɓarsa. Gemu ba ya hana ilimi, amma sai mai gemun ya zo aji.