Sabuwar Hilux mai gas: me ya sa take shan mai fiye da yadda aka gaya maka?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Tambayar yau daga Sabon Garin Wudil ta fito. Wani ɗan uwa ne ya ce babansu ya sayi sabuwar a-kori-kura, Hilux mai amfani da man gas, mai jan taya huɗu, kuma shi aka damƙa wa makullin. Dillali ya ce musu motar ba ta shan mai, lita ɗaya za ta yi kilomita goma sha uku. Shi kuma da ya fara zirga-zirga tsakanin Wudil da Kano da gona, sai ya ga kwana kaɗan tanki ya yi ƙasa. Yanzu Alhaji ya fara yi masa wani irin kallo, kun dai gane. Yake tambaya, motar ce ke da matsala, ko dillalin ne ya yi musu daɗin baki?

To ɗan uwa, mai yiwuwa motar lafiyarta ƙalau, kuma lambar da dillali ya faɗa ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba. Bari mu bi abin a hankali.

Lambar da kamfani ke bugawa a takardar mota, ba a kan titin Mariri aka auna ta ba. A ɗakin gwaji ake ɗora motar a kan wasu na'urori masu juyawa, babu buhu ko ɗaya a bayanta, ba a kunna na'urar sanyaya ba, babu rami, babu ɗan adaidaita da zai faɗo maka gaba ka taka birki. Amfanin lambar shi ne a kwatanta wannan mota da waccan. Irin waɗannan motoci masu injin 2.4 ko 2.8, a takarda za ka ga wajen lita 7 zuwa 8 a kilomita 100. A hannun mutane kuwa, in ka ga lita 9 zuwa 11, ba abin tayar da hankali ba ne. Wato kilomita tara zuwa goma sha ɗaya a lita guda. In ka loda mata kaya ka shiga burji, ƙasa da haka ma za ka gani.

Duk da haka injin gas ya fi na fetur tattali, wannan gaskiya ne. Litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da fiye da kashi goma cikin ɗari, sannan injin gas yana matse iska sosai, kusan ninki goma sha biyar da wani abu, har ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da fulogi ba. Shi ya sa in ka jera ta da Hilux mai fetur 2.7, wadda ta cika ƙasar nan, a hanya ɗaya da kaya ɗaya, mai gas za ta riga ta dawowa da sauran mai a tanki. Sai dai fa a Najeriya lissafin bai tsaya a nan ba. Tun zamanin mulkin Obasanjo aka sakar wa kasuwa farashin gas, shi kuwa fetur sai ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafinsa ya tafi. A 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, kuɗin gas ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. Da matatar Dangote ta fara sayar da nata a 2024 an ɗan samu sauƙi, har ta sauke farashinta zuwa naira 1,000 a watan Afrilun shekarar. Amma har yanzu kowace lita kuɗi ce mai nauyi.

Kafin a zargi kowa, a auna. Allurar mai ta dashbod ba ma'auni ba ce, ita dai tana nuna maka ko za ka kai gida. Lambar da kwamfutar motar ke nunawa ma kintace ce, sau da yawa tana yi wa kanta kirari. Ga yadda ake yi: ka je gidan mai, a cika tanki har bakin famfon ya katse da kansa, kar a ƙara ana jijjiga mota. Ka mayar da mitar tafiya, wadda aka rubuta wa Trip, zuwa sifili. Ka yi harkokinka yadda ka saba. In mai ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, famfon nan in da hali, a sake cikawa har ya katse. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi kilomita 500, ta sha lita 50, to kilomita goma kenan a lita. Ka maimaita sau uku, ka rubuta a waya, don cikawa ɗaya tana iya ruɗin mutum. Wannan rubutun shi ne zai raba ka da Alhaji lafiya, don in ya tambaya, lamba za ka nuna masa.

Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mu ɗauka kana yin kilomita 2,000 a wata, mu sa lita a naira dubu don lissafi ya yi sauƙi. Mai samun kilomita goma a lita zai sayi lita 200. Mai samun takwas zai sayi 250. Dubu hamsin kenan a wata, dubu ɗari shida a shekara, a mota iri ɗaya, hanya ɗaya.

To ina man yake tafiya?

Babban ɓarawon shi ne gudu, kuma a nan zan daɗe, don mu matasa nan ne rauninmu. Dubi gaban Hilux, kamar bango yake. Tana tafiya tana ture iska, kuma turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ta fi shi saurin hauhawa. Daga 100 ka koma 120, ka ƙara gudu da kashi 20 cikin ɗari, amma iskar da injin zai yi kokawa da ita ta ƙaru da kashi 44. Ka kai 140, ta kusa ninkawa. Yanzu mu ɗauka tafiyarka kilomita 45 ce, kwatankwacin Wudil zuwa cikin Kano. A gudun 100 minti 27 ne, a 120 minti 22 da rabi. Minti huɗu da rabi ka tsira da su, kuma kana isa Hotoro cunkoso zai karɓe su ya ƙara da nasa. Titin Kano zuwa Maiduguri yana da wuraren da ke kiran ƙafa ta taka, na sani. Amma tsakanin 80 da 100 a giyar ƙarshe, nan ne motar take sakin jiki ta sha kaɗan.

Ka riƙa kallon allurar juyin inji. Injin gas ba irin na ƙaramar mota mai fetur ba ne da sai ka sa shi ihu kafin ya ja. Ƙarfin waɗannan injina yana fitowa tun daga wajen 1,600 zuwa 2,000 da ɗoriya. In mai giyar hannu ce, canza da wuri. In ka hango gadar Wudil ta cushe, ɗaga ƙafa tun daga nesa ka bar ta ta gangara a cikin giya. Injin zamani yana yanke mai gaba ɗaya a wannan yanayi. Masu sakin mota a firi suna ganin dabara suke yi, alhali a firi injin yana ci gaba da shan mai don kar ya mutu, ga kuma haɗari.

Sai maganar jan taya huɗu, wanda direbobi ke cewa ogzilari. Akwai H2, akwai H4, akwai L4. A kan kwalta H2 ake tafiya, tayoyin baya kaɗai ke turawa. H4 na yashi ne da laka da hanyar gona lokacin damina. L4 kuwa sai an kafe, ko za a hau wani tudu da kaya, ko za a fito daga fadama. Akwai masu barin ta a H4 wai don mota ta ƙara riƙe titi. Wannan asara biyu ce. Mai yana ƙaruwa saboda ana juya ƙarafan da ba a buƙata, sannan da yake gaba da baya a kulle suke tare, duk kwanar da ka sha a kan busasshiyar kwalta sai sun yi ta ja-in-ja, taya ta cinye, giya ta wahala. Ka fito daga gona ka hau titi, mayar da ita H2 nan take.

Taya ma tana da nata. Iskar da kamfani ya ce a sa tana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, akwai ta mota ba kaya, akwai ta mota da kaya. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, ba a buga mata ƙafa a ce ta yi ba. Su kuma manyan tayoyin nan masu kaushi da samari ke sakawa don mota ta yi kwarjini, kyau kam akwai, amma sun fi nauyi, sun fi jan titi. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: in taya ta fi ta asali girma, mitar motar tana ƙirga kilomita ƙasa da wanda ka yi, lissafinka ma ya karkace. Haka ƙarfen gaba da kwandon saman rufi, duk nauyi ne da tare iska.

Kaya kuwa ai don su aka sayi motar, ba za mu ce kar a ɗauka ba. Ƙarfinta wajen tan ɗaya ne, buhu goma na kilo ɗari-ɗari, har da nauyin mutanen da ke ciki. Abin lura shi ne tsawo: lodin da ya haura rufin mota ya fi shan mai a kan wanda aka shimfiɗa aka ɗaure da tamfol. Ita kuma al'adar sauke murfin baya wai iska ta wuce, an gwada, ba ta rage komai, a rufe ya fi.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, in ka tsaya jiran a gama ciniki a kara kana zaune cikin sanyi inji na aiki, ka sani mai yana tafiya, awa guda tana iya cin kusan lita, mita kuwa ba ta motsa ba. Dumama inji na minti goma sha biyar da safe ma gadon tsofaffin motoci ne. Minti ɗaya ya isa, ka tashi a hankali. Inda ake so ka ɗan jira shi ne bayan doguwar tafiya da gudu, ka ba turbo minti ɗaya ko biyu ya huce kafin ka kashe.

Da yake sabuwa ce, ƙarafan injin ba su gama zama da juna ba, za ta ɗan ƙara sauƙin sha bayan 'yan dubban kilomita. Kar dai ka sa ran abin al'ajabi. A kilomita dubu na farko a guji gudun wuce sa'a da figar mota. Lokacin hunturu kuma, da ƙurar nan tamu, a riƙa duba matatar iska akai-akai, kar a jira ranar juye.

Abu na ƙarshe shi ne man da kansa, kuma wallahi nan ne ake yin babban kuka. Injin zamani yana fesa gas ta ƙofofin da suka yi sirantar gashi, da matsin da ya kai ninki dubu biyu na iskar da muke shaƙa. Ruwa kaɗan, ko datti, ko kananzir da aka gauraya, ya isa ya lalata nozul. Alamar farko ita ce shan mai ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya biyo baya, daga nan sai gareji, kuma kuɗin nozul huɗu ya fi duk rarar da ka samu wajen 'yan bumburutu. Ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi, wanda manyan motoci ke yawan sha, don mansa ba ya kwana. In fitilar matatar mai ta kama a dashbod, ka tsaya a duba, sau da yawa ruwa ne ya taru, a zubar da shi. Sannan a binciki wace ƙasa aka yi wa motar. Waɗanda aka ƙera don Turai suna zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa, wadda kan ƙona ƙarin mai lokaci-lokaci don ta wanke kanta. Gajerun tafiye-tafiye na cikin gari suna toshe ta, haka ma gas mai yawan farar wuta. In irin wannan ce a hannunka, ka riƙa ba ta doguwar hanya jefi-jefi, ko da Wudil zuwa Dutse ne ka dawo.

Wanda ya gwada cikawa uku, ya turo mana lambar da ya samu da irin injin motarsa, za mu karanto a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana nan.