Ɗaukar Kiɗa a Ƙaramin Ɗaki

A birnin New Brunswick na jihar New Jersey a Amurka, matasa sun daɗe suna shirya wasan kiɗa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na gidajen haya. Da yawa daga cikin waɗannan makaɗa kan watse tun ba su yi suna ba, sai ya zamana abin da wani ya naɗa a wurin shi kaɗai ne shaidarsu. Amma sau da yawa in an saurara, ruri kawai ake ji. Me ke jawo haka?

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya bugi bangon siminti sai ya dawo ya haɗu da mai zuwa. A ɗaki mai tsawon mita 4, amon da ke kaɗawa sau 43 a daƙiƙa yakan ƙarfafa ƙwarai, musamman a kusurwa, har ya danne muryar mawaƙi.

Saboda haka bai kamata a ajiye makirufo a lungu ko jikin bango ba. Gara a matso da shi kusa da mawaƙin, domin rage tazarar da rabi yana ƙara ƙarfin muryarsa da kimanin desibel 6. Sanin wurin ajiye makirufo ya fi tsadarsa amfani.