Koyon Turanci: Yadda tunanin ɗalibi game da kansa ke shafar sakamakonsa

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, Turanci na cikin darussan da suka fi hana ɗalibai da iyayensu barci. Sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, ake samun gurbin karatu a jami'o'in Najeriya, kuma D7 ba ta wadatarwa, sai C6 zuwa sama. A jarrabawar JAMB ma, tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, kuma ba a ɗauke wa kowa su.

Waɗanda suka faɗi kan kasu gida biyu. Wasu za su ce ba su yi isasshen bita ba. Wasu kuma za su ɗora laifin a kan mai duba takarda, ko rashin sa'a, ko su ce dama Turanci ba harshensu ba ne. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan bambanci.

Linzami a hannun wa?

A shekarar 1966, wani masani ɗan Amurka, Julian Rotter, ya fitar da ma'aunin gano inda mutum yake ganin linzamin rayuwarsa yake: a hannunsa ne, ko a hannun sa'a da wasu mutane. A wannan shekarar ce kuma aka fitar da rahoton Coleman, wanda ya duba ɗalibai fiye da 600,000 a makarantun Amurka. Rahoton ya gano cewa a tsakanin yara baƙaƙen fata da sauran tsiraru, yarda da cewa ƙoƙarinsu na iya sauya makomarsu na da alaƙa mai ƙarfi da makin da suke samu.

Daga baya Bernard Weiner ya nuna cewa ɗalibai kan danganta nasara ko faɗuwa ga abubuwa huɗu: baiwa, ƙoƙari, wahalar aikin, da sa'a. Cikinsu, ƙoƙari ne kawai ɗalibi zai iya ƙarawa gobe da safe.

Me ya sa abin ya fi tasiri a harshe?

Ba a haddace harshe a dare ɗaya. Darasin minti 40 a aji ba ya isa, musamman ga yaron da Hausa yake ji a gida da kasuwa da filin ƙwallo. Sauran aikin na wajen aji ne: karanta littafi, sauraron labarai, rubuta insha'i, da buɗe baki a yi magana ko da za a yi kuskure.

Wanda ya yarda aikinsa na da amfani shi ke jure dariyar abokai ya sake gwadawa. Wanda ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kai kuwa, sai ya koma bayan aji ya yi shiru. Shirun ya hana shi gogewa, sakamako ya yi muni, sai ya ɗauka abin da yake zato ne ya tabbata.

Ba laifin ɗalibi kaɗai ba ne

Wannan ba yana nufin tunani kaɗai zai maye gurbin malami da littafi ba. Yaron da ke aji mai cunkoso, babu littafin karatu, yana da hujjar ganin abin ya fi ƙarfinsa. Kuma alaƙar na tafiya ta ɓangare biyu, domin nasara ma kan ƙara wa ɗalibi yarda da kansa.

A nan rawar malamai da iyaye take. Malamin da ya ja jan biro ya rubuta sifili bai nuna wa yaro hanya ba. Wanda ya ce masa ya gyara yadda yake amfani da lokutan aikatau, ya sake kawo aikin ranar Litinin, ya ba shi abin da zai iya kamawa. Haka uban da ke kiran ɗansa daƙiƙi yana koya masa cewa ƙoƙari ɓata lokaci ne.

Ga ɗalibin da zai sake zama jarrabawa, mafari shi ne ya gano inda makinsa ke zubewa, ko a insha'i ne, ko taƙaitawa, ko fahimtar rubutu, ko furuci, sannan ya ware wa wannan sashe lokaci kullum.